Sandar kurket

sandar kurket (suna, mace; jam'i: sandunan kurket). Faffaɗan katako mai mariƙi da ake bugun ƙwallo da shi a wasan kurket. Ana sassaƙa allonta daga itacen wilo na Ingila ko na Kashmir. Tsawonta ba ya wuce inci 38, faɗinta kuma inci 4.25. Ƙwallo ta fi nisa idan ta sami cibiyar sandar, wato inda katakon ya fi kauri. Mai cibiya ƙasa-ƙasa ta dace da filayen Indiya, inda ƙwallo ba ta tashi sosai. Mai nauyi tana kai ƙwallo nesa, amma tana rage saurin hannu. Misali: Sandarsa ta tsage a bugun farko.