FreeTV a Jos

FreeTV tsarin talabijin ne na dijital mai tashoshi da yawa, wanda gwamnatin tarayya ta fara gwadawa a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, ƙarƙashin kulawar hukumar NBC. A wannan tsari gidan talabijin ba ya watsa shirinsa da kansa. Yana miƙa shi ga kamfanin rarraba sigina, wato ITS mallakar NTA, shi kuma ya haɗa tashoshi da dama a kan mita guda, ya harba ta dogon ƙarfen watsawa. Mai kallo kuwa eriya da dikoda kawai yake buƙata, ko da tsohuwar talabijin gare shi. Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a nan talabijin mai launi ta fara a Najeriya.