Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda: Iko da Linzaminsa

Kafin zuwan Turawa, tsaron doka a masarautun ƙasar Hausa yana hannun dogarai ne, ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ke kamo mai laifi, su tsare kasuwa, su zartar da hukuncin alƙali. Dogari ba shi da wata rubutacciyar doka da ta iyakance ikonsa. Maganar Sarki ita ce dokarsa, kuma a gaban Sarki kaɗai ake kai ƙararsa.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa ba su rushe wannan tsari ba, sai suka shigar da shi cikin mulkin En'e. A shekarun 1920 aka fara kafa 'yan doka, aka ba su kaki da albashi daga baitulmali. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowane lungu da kowane gida, don haka ɓarawo bai cika samun mafaka ba. Amma En'e ɗin da ke biyansa ita ke riƙe da kotun alƙali da gidan yari. Wanda aka zalunta, ina zai kai kuka?

Illar hakan ta fito fili da siyasa ta kankama. Tun daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, magoya bayanta sun sha kamu da ɗauri a kan yin taro ba izini ko zagin hukuma. A wannan shekarar ce kuma Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta soke 'yan doka, aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gidajen yarin En'e kuma suka koma hannun tarayya.

Tsarin mulkin 1999 ya sa wa ɗan sanda linzami: wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu ta yi nisa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama ɗan uwa a madadin wanda ake nema, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta tanadi jami'ai masu sa ido a kan wanda aka yanke wa hukunci ba tare da ɗauri ba.

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, duk lokacin da muhawarar kafa 'yan sandan jihohi ta taso, mu tuna abin da iyayenmu suka gani. Kusancin mai tsaro da jama'a alheri ne, amma sai an fayyace wanda zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri. Waiwaye dai adon tafiya ne.