Fura da Nono: Yarjejeniyar Cikin Ƙwarya

A ƙasar Faransa akwai wani ƙaramin gari mai suna Chablis, wanda farar giyar inabinsa ta ari sunansa ta shiga duniya. Tun a 1938 doka ta hana kiran kowace giya da wannan suna sai wadda aka noma inabinta a wannan yanki. Giya haramtacciya ce gare mu, amma hikimar ba ta haramta ba: abin shan al'umma yana ɗauke da tarihin ƙasarta. A Gwandu da Kalgo, wannan abin sha shi ne fura da nono.

Asalinta ya girmi daulolin da muka sani. A tafiyarsa ta ƙasar Mali tsakanin 1352 da 1353, Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin wani abin sha na dakakken gero da ake gaurayawa da ruwa da zuma ko madara. Ke nan fura ta riga jihadi da ƙarnoni.

Ma'anarta kuwa tana cikin haɗinta. Gero na manomi ne: a surfe shi, a daka da citta da kanumfari da barkono, a dafa, a kirɓa, a cura. Nono na makiyayi ne. Babu ɗayansu da zai cika ƙwarya shi kaɗai. Bayan girbi shanu su ci karmami da harawa, su bar wa gona taki. ’Yar Fulani ta kai nono gari, ta koma ruga da hatsi.

Gwandu ta san wannan haɗi fiye da ko'ina. An ce sunanta daga gandu ya samo asali, wato gonar Kanta na Kabi. A wannan ƙasa ta noma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka da jama'arsa a 1805, daga baya ta zama fadar ƙanensa Abdullahi, mai kula da yammacin daula. Manomi da makiyayi suka zauna ƙarƙashin tuta guda.

Yau burtali ya ƙuntata, gona ta cinye makiyaya, zargi ya shiga tsakani a sassan Arewa da dama. Faransawa sun kare abin shansu da dokar suna. Namu ba suna yake nema ba, zaman lafiya yake nema, domin ranar da mai gero da mai nono suka raba hanya, ludayi ba zai sami abin damawa ba.