Nauyin Sauti: Tarihin Tayar da Ake Cirewa

A ƙarƙashin akwatin lasifikar jita irin wanda kamfanin Marshall na Ingila ke ƙerawa, akwai ramuka huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. An yi wa kowane rami baki na ƙarfe daidai kaurin sandar wata 'yar ƙaramar taya. Idan za a tafi da akwatin, sai a cusa tayoyin a tura shi. Idan an isa wurin wasa, sai a zare su, a girke shi a ƙasa. Dabara ce ƙarama, amma amsa ce ga wata tambaya da ta daɗe tana bin duk wanda ke son muryarsa ko kiɗansa ya kai nesa: wa zai ɗauki nauyin? Wannan tambaya tana nan a Landan, tana nan kuma a Jega da Aliero da Maiyama, sai dai amsar da aka ba ta a wuraren ta bambanta, domin ƙasar da ake takawa ba iri ɗaya ba ce.

Yadda sauti ya yi nauyi

Kafin zuwan lantarki, ƙarar sauti a ƙasar Hausa tana tafiya ne da ƙafafunta. Makaɗin fada yana da 'yan amshi da ke ɗaga baitinsa, yana da sanƙira da ke isar da kirari ga na nesa. A masallacin Idi, ladan ne ke maimaita kabbarar liman don sahun baya su ji. Kalangu da kotso ana rataya su a kafaɗa, kakaki kuwa gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, a kwance shi bayan an gama busa. Tambura ne kaɗai suka yi nauyin da a wasu masarautu ake ɗora su a bayan raƙuma ranar hawa. Har zuwa zamanin marigayi Muhammadu Gambu na Fagada, a ƙasar Maiyama, abin da makaɗi ya fi buƙata shi ne maƙogwaro da mutane.

Lantarki ya sauya wannan lissafi. A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana irin lasifikar da har yau ake amfani da ita: faifan takarda mai siffar mazurari, da naɗin waya, da maganaɗisu. Lantarki na ratsa wayar, faifan ya yi ta kai da komo, ya tura iska, kunne ya ji sauti. Matsalar ita ce, sauti mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji, yana buƙatar a tura iska mai yawa. Wannan na nufin faifai masu faɗi, da maganaɗisu manya, da akwatin katako mai kauri wanda ba zai riƙa karkarwa ba. Ita kanta amfilifaya, na'urar da ke ƙarfafa sautin, a wancan zamani da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila take aiki, kuma tana ɗauke da taransfoma na ƙarfe da tagulla. Duk ƙarin ƙara, ƙarin kilo ne.

Hasumiyar Marshall

Jim Marshall makaɗin ganga ne da ke da kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin Landan. A 1962 ya fitar da amfilifayarsa ta farko, ba da jimawa ba kuma ya haɗa ta da akwati mai lasifika huɗu, kowace faɗinta inci 12. A lokacin, taron masu sauraro yana girma fiye da ƙarfin kayan kiɗa. A ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum fiye da 55,000, ihun jama'a ya danne kiɗan kusan gaba ɗaya.

A cikin wannan shekara Pete Townshend, mai kaɗa jita na ƙungiyar The Who, ya nemi Marshall ya yi masa amfilifaya mai ƙarfin wat 100 da akwati guda mai lasifika takwas. Aka yi masa. Sai masu yi wa ƙungiyar dakon kaya suka koka cewa akwatin ba ya ɗaukuwa. Aka raba shi gida biyu, ana ɗora ɗaya a kan ɗaya, amfilifaya a can sama. Wannan hasumiya, wadda ta zama tambarin kiɗan jita na zamani a duniya, kukan 'yan dako ne ya fitar da siffarta.

Ko bayan rabawar, kowane rabi yana kai kimanin kilo 36. Kamfanin Ampeg na Amurka ya zarce haka a 1969, da akwati mai lasifika takwas mai girma da nauyin gaske, har makaɗa suka laƙaba masa sunan firiji. Dole aka koma ga taya. Kamfanin Vox ya ɗora akwatunan Beatles a kan firam na bututun ƙarfe mai tayoyi. Ampeg daga baya ya sa wa firijinsa tayoyi biyu a baya da mariƙi a sama, ana kishingiɗa shi a ja. Marshall, da kuma Fender a shekarun 1970, suka bi hanyar tayar da ake cusawa a cire.

Me ya sa ba a kafe tayar ta zauna dindindin ba? Dalilan na aiki ne. Taya tana da ƙananan ƙarafa a ciki, kuma idan sauti mai kauri ya bugi akwatin sukan yi kwaramniya, makirfo ya ɗauka. Da yawa daga tsoffin gidajen wasan Ingila dandamalinsu a karkace yake zuwa wajen 'yan kallo, don haka akwati mai taya yana iya gangarawa. A cikin mota ma yakan yi yawo, ya fasa na kusa da shi. Sannan makaɗa da dama sun fi son katako ya zauna daram a ƙasa, domin suna jin sautin ya fi cika. Taya tana da amfani a hanya, tana da illa a wurin aiki. Sai aka yi wadda za ta zo ta koma.

Taya da ƙasar da take takawa

Akwai sharaɗi guda da masu wannan ƙira ba su rubuta ba, domin a wurinsu ba abin faɗa ba ne: sai daɓe ya zama sumul. Tayar irin wannan akwati faɗinta bai wuce santimita 5 ba. A ƙa'idar lissafi, tayar da ake turawa daga tsakiyarta ba ta iya haye abin da tsayinsa ya kai rabin faɗinta. Ke nan tsakuwa mai santimita biyu da rabi ta isa ta tsayar da ita cak. A cikin rairayi kuwa nutsewa take yi, domin nauyi mai yawa ya taru a wuri ƙanƙane. Taya alkawari ce tsakanin kaya da ƙasa, kuma ƙasa ce ke da ikon warware shi.

Wannan ba sabon darasi ba ne a Afirka ta Yamma. Mutanen yankin sun san taya tun da daɗewa. Akwai zanen kekunan doki a duwatsun Sahara da suka shekara fiye da dubu biyu. A farkon shekarun 1820, William Hillman, kafintan da ya rako Denham da Clapperton zuwa Kukawa, ya ƙera wa Shehu al-Kanemi na Borno kekunan ɗora igwa. Duk da haka taya ba ta zama abin sufuri ba sai a ƙarni na 20. Masanin tarihi Robin Law, a wata maƙala ta 1980, ya nuna cewa ba rashin sani ya jawo haka ba. Kuɗin share hanya da kula da ita ya fi ribar da keken zai kawo, alhali jaki da raƙumi da ɗan dako ba su buƙatar a gyara musu ƙasa.

Jega shaida ce. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a wajajen 1820 a gaɓar gulbin Zamfara, cikin ƙasar Gwandu, kuma kafin ƙarshen ƙarnin kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Goro da gishiri da tufafi da fatu sun yi ta shiga da fita a kan jakuna da takarkarai da raƙuma, da kwalekwale, da kawunan mutane bisa gammo. Kasuwa mai wannan girma ta bunƙasa ba tare da taya ba.

Sautin da ya zo a mota

Da sautin lantarki ya tashi shigowa garuruwan Arewa, a kan manyan tayoyi ya shigo. Motar majigi ta gwamnatin mulkin mallaka tana yawo gari-gari ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika, ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba. A Kano an fara rarraba shirin rediyo ta waya zuwa akwatunan lasifika a 1944. A shekarun 1950 jam'iyyun siyasa suka ɗaura lasifika a kan motoci.

Lasifikar da ta mamaye Arewa a wannan zamani ba ta katako ba ce. Ita ce mai bakin ƙaho, ta gorar ruwa, irin ta kamfanin Ahuja na Indiya da TOA na Japan. Ba ta da nauyi, batirin mota ya ishe ta, kuma tana jefa murya nesa. Ba ta fitar da sauti mai kauri, amma kiran salla da wa'azi da shela da tallan magani ba su buƙatarsa. A kan hasumiyar masallaci ko reshen darbejiya ake ɗaure ta, don haka maganar taya ba ta taso ba.

Akwatin katako ya zo ne daga baya, da kiɗan da ke buƙatarsa. A Kaduna, ƙungiyar Bala Miller ta yi waƙoƙin Hausa da jita da kayan busa na zamani tun shekarun 1970. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, ya haifar da kiɗan fina-finai, wanda ya bi gidajen biki har ƙauyuka. A Agadas ta Nijar kuwa, ƙungiyoyin jita irin su Etran de L'Aïr a filin biki suke wasa, bisa rairayi, da amfilifaya da janareta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Haka nan dako.

Tayar haya

A Jega da Aliero da Maiyama, kwalta tana bin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri, da wasu titunan cikin gari. Amma biki da walima da maulidi da taron siyasa a ƙofar gida ake yin su, ko a filin makaranta, ko a lungun da damina ta zaizaye. Mita ɗari na ƙarshe, tsakanin inda mota ta tsaya da inda za a girke akwati, su ne ainihin tafiyar. A nan 'yar tayar Marshall ba ta da ta cewa.

Mutanen yankin sun riga sun samo tasu tayar da ake cirewa, sai dai ba a jikin akwatin take ba. Ita ce baro, da kura, da bayan babur ɗin kabu-kabu. Tayar baro ta ninka ta akwatin Turai faɗi sau shida ko bakwai, ga iska a ciki, shi ya sa take haye tsakuwa, take ratsa rairayi. Baron da ya kwashi buhunan albasa a kasuwar Aliero da safe yana iya kai lasifika gidan biki da yamma. Manufar ɗaya ce da ta Landan: taya ta zo lokacin tafiya, ta kauce lokacin aiki. Bambancin shi ne a nan hayarta ake yi, kuma akwai mai tura ta da ke cin abinci da ita. Masu tallan maganin gargajiya da masu sayar da karatun malamai sun ƙara gaba, sun mai da baron kansa dandamali, batir da amfilifaya da lasifika duk a ciki.

A 'yan shekarun nan kasuwa ta cika da wata lasifika daga ƙasar Sin mai batir a ciki, da mariƙi da ake zarowa, da tayoyi biyu na roba. Siffarta daga akwatin matafiya aka aro ta, wanda wani matuƙin jirgin sama, Robert Plath, ya ƙirƙiro a 1987 don daɓen filayen jirgi. Ta fi na da sauƙi ƙwarai, saboda amfilifayar zamani ba ta buƙatar babban taransfoma. Amma tayoyinta suna ɗauke da tsohon sharaɗin nan na daɓe mai sulɓi. A lungu, jan ta yana girgiza allon lantarkin da ke ciki, ƙura ta shige gindin tayar, ƙarshenta a koma ɗaukarta a ka.

Abin da wannan tarihi ke nuna wa kwamitin masallaci, ko shugaban makaranta, ko mai ba da hayar kayan sauti, shi ne cewa tambayar wat nawa ba ta wadatar ba. Sai an haɗa da kilo nawa, da wace ƙasa za a bi, da wane ne zai ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai walda a Jega yana iya haɗa ɗan firam na ƙarfe mai tayoyin baro biyu, wanda akwati zai hau a ɗaure shi, a sauke shi in an isa. Ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, suna iya auna shi su daidaita shi. A 1965 an raba akwati gida biyu ne saboda an saurari masu ɗaukarsa. Samarin da ke sauke lasifika daga mota kafin baƙi su iso, su kuma kwashe ta bayan kowa ya watse, su ne suka fi kowa sanin inda mariƙi ya kamata ya zauna da girman tayar da lungunsu zai karɓa, kuma ƙugunsu ne ke biyan kuɗin duk ƙirar da aka yi ba a tambaye su ba.