Retina: Yadda Tantanin Bayan Ido Ke Mayar Da Haske Ya Zama Gani

Direban da ya taso daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa Kankiya bayan sallar Isha'i ya san abin da kan faru idan babbar mota ta dallare shi da fitila: hanya ta ɓace masa na ɗan lokaci, sannan ta dawo a hankali. A ƙauyukan Kankiya da Kusada kuma an san yaron da ke wasa lafiya da rana, amma da almuru sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe, a ce yana da dundumi. Duka biyun a wuri guda suke da tushe, wato wani siririn tantani da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira retina.

Mene ne retina?

Kaurin wannan tantani bai kai rabin milimita ba, amma masana na ɗaukarsa ɓangare ne na ƙwaƙwalwa, domin daga gare ta yake tsirowa tun jariri na ciki. Tun ƙarni na 11, malamin nan Ibn al-Haisam ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Ƙarnoni bayansa, likitan ƙasar Sifaniya Santiago Ramon y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya zana yadda ƙwayoyin jijiya na retina ke jere hawa-hawa.

Masu karɓar haske

Ƙwayoyin da ke fara karɓar haske iri biyu ne. Na farko masu siffar sanda, kimanin miliyan 100 a kowane ido. Su ne na gani da dare, ko hasken wata ya ishe su, sai dai ba sa bambance launi. Na biyu masu tsini kamar mazurari, kimanin miliyan 5, waɗanda ke aiki da rana. Sun kasu uku: masu fi jin shuɗi, masu fi jin kore, da masu fi jin ɓangaren ja. Daga kwatanta saƙon waɗannan ukun ƙwaƙwalwa ke fitar da duk launin da mai sayar da atamfa ke bambancewa. Sun fi cunkoso a wani ɗan gurbi na tsakiyar retina, wanda da shi ake karatu da zura zare a allura.

A cikin masu siffar sanda akwai wani sinadari mai suna rodofsin, wanda jiki ke haɗawa da bitamin A. Idan haske ya taɓa shi sai ya sauya siffa, wannan kuma ya rufe wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayar. Abin mamaki, a cikin duhu ne ƙwayar ke ta zubo sinadarin aika saƙo; zuwan haske rage zubar yake yi, kuma wannan raguwar ita ce labarin da ƙwayoyin gaba ke karantawa. George Wald na Amurka, wanda ya gano matsayin bitamin A a wannan aiki, yana cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 1967.

Haske mai ƙarfi yana ƙarar da rodofsin da yawa a lokaci guda, kuma sake haɗa shi na ɗaukar lokaci. Ido kan buƙaci minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa hanya ta ɓace wa direba bayan an haske shi.

Tacewa kafin aikawa

Daga masu karɓar haske, saƙo kan wuce zuwa ƙwayoyi masu baki biyu, su kuma su miƙa wa ƙwayoyin gangiliyon, waɗanda zarurrukansu ke haɗuwa su zama jijiyar gani. Tsakanin waɗannan hawa akwai wasu ƙwayoyi da ke kwance a gicciye, suna kwatanta abin da maƙwabta suka gani.

Jijiyar gani tana da zare ɗan sama da miliyan 1, alhali masu karɓar haske sun haura miliyan 100. Dole ke nan a taƙaita labari. A 1953 Stephen Kuffler ya nuna, ta gwaji a kan kyanwa, cewa kowace ƙwayar gangiliyon tana lura da ɗan fili ne mai tsakiya da kewaye. Wata takan yi ƙarfi idan haske ya faɗa tsakiya, ta yi sanyi idan ya faɗa kewaye. Wata kuma akasin haka. Saboda haka farar takarda zalla ba ta tayar da su sosai, amma iyakar baƙin rubutu da farar takarda tana tayar da su. Ido ya fi damuwa da bambanci da motsi fiye da yawan haske.

Inda jijiyar ke fita daga ido babu mai karɓar haske ko ɗaya. Kowa na da wannan makahon gurbi, ƙwaƙwalwa ce ke cike shi ba tare da mutum ya sani ba.

Idan retina ta samu matsala

Dundumi kan zo ne galibi daga ƙarancin bitamin A, kuma ya fi kama ƙananan yara da mata masu ciki. Ana samun sinadarin a hanta, ƙwai, manja, zogale, alayyahu, karas, kabewa, mangwaro da gwanda. Ana kuma ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi sau biyu a shekara. Idan an gano da wuri yana warkewa, amma in ƙarancin ya tsananta yakan lalata gaban ido har ya kai ga makanta. Akwai kuma dundumin gado, wanda abinci ba ya magance shi.

Ciwon suga da hawan jini suna lalata ƙananan hanyoyin jinin retina, shi ya sa ake son mai suga ya kai a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara. Gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ƙwayoyin gangiliyon take kashewa, tana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa ita ce ta biyu wajen jawo makanta a Najeriya, bayan yanar ido. Bambancinsu babba ne: yana tana gaban ido, ana cire ta da tiyata gani ya dawo, amma ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta sake tsirowa.

Wanda ya fara ganin walƙiya a ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko wani abu kamar labule ya rufe gefen ganinsa, mai yiwuwa retina ce ta fara ɓallewa, kuma jinkirin kwanaki na iya jawo asarar idon. Mazauna Kankiya da Kusada na iya farawa da Babban Asibitin Kankiya, daga nan a tura su cibiyar ido ta Katsina, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Likitoci na shawartar duk wanda ya haura shekara 40, musamman mai tarihin gilakoma a dangi, ya riƙa zuwa awon ido ko da bai ji ciwon komai ba.