Kanwar fatake da ta cikin jini

Fataken da suka kafa zanguna a ƙasar Benin, a komowa suke ɗauko goro. A tafiya kuwa, cikin kayan da ke bayan jakuna har da kanwa: ungurnu daga gaɓar Tafkin Chadi, fara da ja daga ƙasar Manga da Muniyo. A ƙarni na 19 ayari kan taso daga Kano ƙarƙashin madugu, ya ratsa Nikki da Paraku da Jugu, har Salaga ta Gwanja. Daga baya ciniki ya gangaro bakin teku, mu jikokin fatake muka tashi a Kwatano.

Har gobe idan na bar unguwar Sainte-Rita na shiga kasuwa, nakan tarar da kanwa kashi-kashi a faranti, toka-toka, da ƙasa a jikinta. Mai miyar kuɓewa na saye don yauƙi, mai wake don ya nuna da wuri. Mahaifiyata kuwa jiƙa ta take yi, ta tace, ta miƙa wa wanda ƙwannafi ya dama. Ya yi gyatsa biyu, shi ke nan.

Gyatsar nan iskar kabon ce. Kanwa na ɗauke da sinadarin bayikabonet, wanda da ya haɗu da tsami sai ya kashe kaifinsa, ya bar ruwa da iska. Abin da ya fi burge ni, da wannan sinadarin jininmu ke tsare kansa. Ma'aunin tsamin jini, pH, ba ya barin tsakanin 7.35 da 7.45 a mai lafiya. Tsami ya ƙaru, bayikabonet ya tare shi, huhu ya fitar da iskar cikin mintuna, ƙoda ta biyo baya a hankali tana mayar da abin da aka kashe. Sai a 1908 Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard ya fitar da lissafin wannan aiki.

Amma kanwa dangin gishiri ce, yawanta na da illa. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Iyayenmu mata na Zongo, a riƙa sassauta hannu a kunun mai jego.