Korar Baƙi a Gana da Nijeriya: 1969 da 1983

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa ke bin hanyar Gwanja don sayen goro, har wasunsu suka zauna a zangunan Salaga da Kumasi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama wa'adin mako biyu ya bar Gana. Dubun dubatar mutane suka fita, cikinsu har da Yarabawa da Hausawa waɗanda a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Da yawa sun sayar da dukiyarsu a wulaƙance.

Da man fetur ya kawo wa Nijeriya arziki, sai 'yan Gana suka kwararo neman aiki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Amma da farashin mai ya faɗi, a watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fita. An ƙiyasta cewa kimanin miliyan biyu suka bar ƙasar, wajen rabinsu 'yan Gana. Jama'a sun maƙale a kan iyakoki, domin Gana ta riga ta rufe tata, wasu kuma suka rasu a hanya. Daga nan jakar nan ta sami sunan "Gana-mas-go".

A duka lokutan biyu ba a saurari kowa shi kaɗai ba, an yi wa kowa kuɗin goro. Wannan ne abin da Kundin Afirka na Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ya haramta. An amince da shi a Nairobi a 1981, amma bai fara aiki ba sai 1986. Sashe na 12 ya hana korar baƙi a dunƙule saboda ƙasarsu ko launinsu ko ƙabilarsu ko addininsu, ya kuma ce baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida ba za a kore shi ba sai da hukuncin da ya bi doka. Shi kuwa mai gudun hijira, yarjejeniyar OAU ta 1969 ta hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari.

Ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, amma doka ta wajabta mata duba lamarin kowane mutum kafin ta sallame shi.